Digirin lissafi daga ƙasar Kurfai: Yadda jarrabawa ke ajiye wa ɗalibi guminsa, da ƙofar da ta rage a rufe

Jami'ar gwamnati da ke jihar Tilaberi sunan masanin lissafi take ɗauke da shi. Marigayi Farfesa Boubakar Bâ, wanda aka haifa a 1935 ya rasu a 2013, shi ne shugaban farko na Jami'ar Yamai, kuma ana ambatonsa a matsayin ɗan Afirka ta kudu da Sahara na farko da ya ci jarrabawar shiga babbar makarantar ENS ta birnin Paris, a shekarun 1950.

Sai dai yaron Filinge da ya tashi da burin bin sawunsa ba can zai fara dosa ba. An kafa jami'ar ta Tilaberi a 2014 ne da manufar bunƙasa noma da wadata ƙasa da abinci. Ko da ma tafiyar ta kama, kwaltar da ta tashi daga Filinge sai ta ratsa Baleyara ta shiga Yamai, tafiyar kimanin kilomita 180, kafin a kama hanyar bakin kogi zuwa Tilaberi. Ga mutumin Kurfai, babban birnin ƙasa ya fi babban birnin jiharsa kusa.

Don haka duk ɗan Shikal ko Bonkuku ko cikin garin Filinge da ke neman digirin farko a lissafi, sai ya bar gida. Kuma daga ranar da ya gama kwaleji har ranar da zai karɓi takardarsa, kowane mataki jarrabawa ce ke buɗe shi. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, ma'anar cin jarrabawa da faɗuwa a jami'a ta sauya tun fiye da shekara goma, kuma sauyin ya fi shafar ɗan talakan da ya zo daga nesa.

Tun a aji na farko na lise ake yanke hukunci

Bayan shekara huɗu a kwaleji, ɗalibi zai rubuta jarrabawar BEPC. Wanda ya ci, hukuma ce ke duba makinsa ta tura shi ɓangaren adabi ko na kimiyya. A ƙarshen shekara uku na lise kuwa, jarrabawar BAC ta kasu gida-gida: seri A ta adabi da harsuna, seri D da ta fi karkata ga ilimin halittu, sai seri C wadda lissafi da fizik suka fi kowane darasi nauyi a cikinta.

Seri C ita ce shimfiɗar da aka yi wa mai son lissafi, amma masu rubuta ta 'yan kaɗan ne cikin dubun-dubatar da ke zama BAC kowace shekara, kuma akasarinsu a manyan birane suke. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kafin lise ta buɗe ajin C, tana buƙatar malamin lissafi da na fizik da za su iya kai ɗalibi har ajin ƙarshe, da kuma ɗaliban da yawansu ya isa a ware musu aji. A makarantun karkara, samun biyun a lokaci guda sa'a ce. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa sai ya zauna a D, ko a nema masa gidan dangi a Yamai.

Mai BAC ta D yana iya shiga sashen lissafi, kuma da yawa sun shiga sun gama. Amma yakan tarar da abokansa na C sun riga shi ganin wasu darussa, shi kuma sai ya cike giɓin da kansa a daidai lokacin da yake koyon zaman birni.

A kan wannan aka ƙara matsalar tsaro. Tun daga 2017 wasu sassan jihar Tilaberi ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, an rufe ɗaruruwan makarantu, an kwashe wasu ɗalibai zuwa cibiyoyin da aka tattara su a garuruwan da ke da tsaro. Lissafi kuwa ba ya yafe rata. Wanda ya rasa wata uku na tarihi zai iya kama babi na gaba. Wanda ya rasa wata uku na aljabara zai ci gaba da biyan bashin har jami'a. Ko a faɗin ƙasar, a shekarun baya-bayan nan kusan mutum ɗaya cikin uku ko huɗu ne ke tsallake BAC.

Kada a ɗauka ƙwaƙwalwa ce ta gaza. Yaron da ke tsare wa mahaifiyarsa tire a kasuwar Filinge da dala yake ƙirga kuɗi: sefa 100 dala ashirin ce, sefa 1,000 jika ce, dala ɗari biyu ke nan. Kullum yana ninkawa da biyar, yana rabawa da biyar, a ka, ba alli ba allo. Da ya shiga aji sai a ce ya yi wannan aikin da Faransanci. Dokar sake gina ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, amma takardar jarrabawar jami'a da Faransanci take zuwa.

Hanyoyin da ke gabansa

Wanda ya samu BAC, ƙofa mafi kusa ita ce Tsangayar Kimiyya da Fasaha ta Jami'ar Abdou Moumouni, a Haro Banda, ƙetaren kogi, inda sashen lissafi da ilimin kwamfuta yake. Jami'ar ta samo asali ne daga cibiyar ilimi mai zurfi da aka buɗe a 1971, kuma a 1992 aka sa mata sunan Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa, masanin fizik da makamashin rana. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da ta André Salifou ta Damagaram, waɗanda aka kafa a 2010, su ma suna da tsangayun kimiyya, sai dai nisa.

Mai son koyarwa zai nemi makarantar horar da malamai ta ENS da ke cikin jami'ar Yamai. Mai son injiniyanci akwai EMIG, makarantar ma'adinai da masana'antu. Akwai kuma hanyar da ba a cika jin labarinta a karkara ba: manyan makarantun ƙididdiga na Abijan da Dakar da Yawunde suna ɗaukar ɗalibai ta gasar jarrabawa guda da ake rubutawa a ƙasashe da dama, kuma lissafi ne ƙashin bayanta. Wasu kuma sukan samu gurbi a Aljeriya ko Maroko ta hannun ANAB, hukumar da ke kula da tallafin karatu.

Duk inda ya faɗa cikin jami'o'in ƙasar, tsari ɗaya zai tarar, wanda ake kira LMD.

Mene ne kiredi?

A da, ɗalibin kimiyya shekara biyu yake yi ya samu DUES, ta uku ya samu lisans, ta huɗu metiris. Shekarar dunƙule take. Idan jimillar makinsa ta gaza, ya maimaita aji, har da darussan da ya ci.

Tsarin LMD daga Turai ya taso, bayan yarjejeniyar Bologna ta 1999. Majalisar CAMES, wadda shugabannin ƙasashe suka amince da kafa ta a wani taro a Yamai a 1968, ta rungume shi. Ƙungiyar UEMOA ta fitar da umarni a kansa a 2007. Nijar ta mayar da shi doka a 2010. Ficewar ƙasar daga CEDEAO ba ta taɓa wannan ba, domin tana nan cikin UEMOA.

A ƙarƙashinsa, lisans zango shida ne cikin shekara uku. Kowane zango kiredi 30, jimilla 180. Kiredi awo ne na aiki, kamar yadda tiya take awon hatsi: kowane ɗaya yana wakiltar awa 20 zuwa 25 na aikin ɗalibi, a haɗa da zaman aji da atisaye da karatun da zai yi shi kaɗai. Zango guda ke nan awa 600 zuwa 750. An tara darussa rukuni-rukuni, kowane rukuni da adadin kiredinsa. Wanda ya samu 10 bisa 20 a rukuni, bayan an haɗa gwaje-gwajen cikin zango da babbar jarrabawa, kiredin ya zama nasa, kuma ba a sake karɓewa.

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce zuciyar tsarin. Ga misali, da alƙaluman da aka ƙaga don bayani kawai. A ce an raba zangon farko haka: analiz kiredi 8, aljabara 8, fizik 6, kwamfuta 4, harshe da dabarun karatu 4. Ɗalibi ya samu 12 a aljabara, 11 a fizik, 13 a kwamfuta, 14 a harshe, amma 3 a analiz. Idan aka ninka kowane maki da kiredinsa aka tara, za a samu 294. A raba da 30, ya ba da 9.8. Bai ci zangon ba. A tsohon tsari, irin wannan sakamako a ƙarshen shekara na nufin komawa baya gaba ɗaya. A sabon tsari kuwa ya ajiye kiredi 22 a rumbu, ana bin sa bashin 8. Zai shiga jarrabawar gyara, wadda ɗalibai ke kira ratirapaj, a kan analiz kaɗai. Idan ya sake faɗuwa, dokokin tsangaya kan ba shi damar wucewa aji na gaba da bashin a wuyansa, muddin abin da ya tara ya kai adadin da aka gindaya.

Ga ɗan birni da ke kwana gidan ubansa, wannan sauƙi ne. Ga ɗan Kurfai kuwa yana iya zama bambancin gamawa da dainawa. Shi ne wanda rasuwa za ta kira gida, ko rashin lafiyar tsoho a tsakiyar damina, ko hanya ta ƙi biyuwa ranar da ya kamata ya koma. Idan ya ɓace na zango guda, abin da ya ci yana nan yana jiran sa. A ƙa'ida ma, zai iya ɗaukar kiredinsa daga Yamai zuwa Maraɗi, ko zuwa wata jami'a a Wagadugu ko Dakar, kodayake a aikace kwamitin makarantar da zai shiga ne zai duba takardar sakamakonsa ya faɗi abin da ya karɓa.

Inda rumbun ke yoyo

A koma ga misalin nan. Da ɗalibin ya samu 7 a analiz maimakon 3, jimillarsa za ta zama 326, wato 10.87. A inda doka ta yarda makin wani rukuni ya rufa wa wani asiri, ya ci zangon gaba ɗaya, an rubuta masa kiredi 30, har da 8 na darasin da ya faɗi. Wasu tsangayu kan sa iyaka, su ce makin da ya yi ƙasa da kaza ba ya rufuwa.

A wasu fannoni wannan rangwame ne mai ma'ana. A lissafi tarko ne. Analiz na zango na biyu a kan na farko aka ɗora shi, na uku a kan na biyu. Takarda za ta nuna ɗalibi ya biya, amma ginin ba shi da tushe, kuma a shekara ta biyu ko ta uku katangar ke tsagewa.

Abin da ke kayar da mutane a shekarar farko ma ba wuyar ƙirga ba ce. A lise ana ba ɗalibi dabara ya yi aiki da ita ya fitar da amsa. A jami'a ana ce masa ya kawo hujja. Misali, lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu da kuma ɗaya, irin su 2 da 3 da 5 da 7 da 11: a nuna cewa ba su da ƙarshe. Hujjar da Yuklid ya bari fiye da shekara dubu biyu gajeriya ce. A ɗauka suna da ƙarshe, a ninka su duka, a ƙara ɗaya. Sabuwar lambar ba za ta rabu da ko ɗaya daga cikinsu ba, kullum sai ɗaya ya yi saura. Ke nan akwai wata irinsu da ba ta cikin jerin, zaton farko ya rushe. Babu ƙirga mai wahala a ciki, amma wanda ya saba da haddar dabaru zai iya kallon allo awa guda bai ga ta inda zai fara ba. Irin wannan tunani a ƙaramin aji ake koyonsa, inda malami zai karanta abin da ɗalibi ya rubuta ya nuna masa inda hujjarsa ta karye. A zauren da ɗaruruwa suka cika, da wuya.

Sai kuma awannin da tsarin ya ɗora wa ɗalibi ya yi shi kaɗai. Lissafin kiredi ya ɗauka cewa yana da wurin zama da fitila da littafi. Ɗakunan kwanan jami'a ba sa isar kowa, kuma jinkirin biyan tallafi na cikin abubuwan da ƙungiyar ɗalibai ta USN ta sha fita zanga-zanga a kansu. Yajin aikin malamai da na ɗalibai ya sha sa shekarar karatu ta kutsa cikin ta gaba, har lisans ɗin shekara uku ya ci huɗu ko biyar ba tare da ɗalibi ya faɗi ko sau ɗaya ba. Kiredinsa ba ya ruɓewa, amma buhun geron da ake aiko masa daga gida yana ƙarewa.

Kiredi ba tare da zama a aji ba

A tsarin da Nijar ta gada, kiredi yana zuwa ne bayan rajista: a biya kuɗi, a shiga aji, a yi gwaji, a rubuta jarrabawa. A wasu ƙasashe an buɗe wata ƙofa ta daban, inda mutum zai kawo abin da ya koya a ko'ina, a jarraba shi, a rubuta masa.

A Amurka, hukumar College Board tana gudanar da jarrabawar CLEP tun 1967. Daga cikin darussanta akwai aljabara da kalkulas. Ana ba da maki daga 20 zuwa 80, kuma jami'o'i da yawa suna karɓar 50 a madadin zama a ajin darasin, kodayake kowace jami'a ita ke da ta cewa. Ita dai hukumar ce ke shirya jarrabawar AP, wadda ɗan sakandare ke rubutawa ya shiga jami'a da kiredinsa a hannu.

Ba sai an je nesa ba. A Najeriya digirin lissafi shekara huɗu ne, amma wanda ya ci jarrabawar IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da ita, ko mai takardar NCE ta malanta, yana iya shiga aji biyu kai tsaye. An yafe masa shekara guda cur saboda abin da jarrabawa ta shaida. Faransa kanta, uwar tsarin, ta yi doka a 2002 da ta ba mutum damar neman takardar jami'a bisa ƙwarewar da ya samu a wurin aiki.

Tarihin lissafi a Afirka ta Yamma ma ya bi ta wannan ƙofa. Tun 1858 Jami'ar Landan ta yarda mutum ya rubuta jarrabawarta ba tare da ya zauna a azuzuwanta ba. Ta haka Chike Obi ya samu digirinsa na farko da na biyu a shekarun 1940 yana zaune a Najeriya, yana karatu ta wasiƙa, kafin ya tafi Cambridge ya zama ɗan Najeriya na farko da ya yi digirin digirgir a lissafi, a 1950.

Ba kowane fanni ne ya dace da wannan ba. Ba za a ba mutum kiredin aikin ɗakin gwaji ko na duba maras lafiya don ya amsa tambayoyi a takarda ba. Amma lissafi yana cikin 'yan fannonin da awa uku da farar takarda suka isa su nuna wanda ya sani da wanda bai sani ba. Kuma Nijar ba baƙuwar wannan tunani ba ce: kowace shekara ana karɓar masu rubuta BAC da ba su fito daga wata lise ba, su yi rajista da kansu, su zauna kujera ɗaya da 'yan makaranta. A matakin jami'a ne ƙofar ta tsuke.

Waɗanda za su fi cin moriyarta a ƙasar Kurfai sanannu ne. Akwai malaman kwantiragi da ke koyar da lissafi a kwalejojin karkara, wasu da BAC, wasu da rabin lisans da suka bari saboda rashin hali. Barin aji su koma Yamai na nufin rasa ɗan albashin, kuma makarantar ta rasa malamin da wataƙila shi kaɗai gare ta. Da za su iya karatu a inda suke, su zo lokacin hutu su rubuta analiz ko aljabara, a rubuta musu kiredi 8 bana, 8 baɗi, da takardar ta kammalu ba tare da allo ya zauna babu mai rubutu a kansa ba. Akwai 'yan matan da iyaye suka yarda su yi BAC amma suka ƙi yarda da zaman Yamai. Akwai kuma samarin da rufe makaranta ya katse wa karatu, suka ci gaba da littafin yayyensu da bidiyon YouTube a waya.

Masu adawa da irin wannan tsari suna da hujja. Jarrabawar da ke ba da kiredi ba tare da malami ya san ɗalibi ba tana buƙatar tsaro mai tsanani, a yankin da satar amsa da fitar tambayoyi ba sabon labari ba ne. Kuma koyon kawo hujja, kamar yadda aka gani, yana son mai gyara. Wanda ya yi karatu shi kaɗai zai iya cin darussan shekarar farko da ta biyu, amma da wuya ya wuce nan ba tare da malami ba. Jami'o'in Amurka ma galibi suna ƙayyade yawan kiredin da za a iya shigowa da shi ta wannan hanya.

Amma ko shekarar farko kaɗai aka buɗe, kiredi 60 ne, kashi ɗaya bisa uku na lisans, kuma shekara guda ta haya da abinci da kuɗin mota da iyali a Kurfai ba za su biya ba. Tambayoyin suna nan, malaman sashen ne ke shirya su kowane zango. Zauren ratirapaj ma ana buɗe shi kowace shekara. Abin da ya rage shi ne ma'aikatar ilimi mai zurfi da majalisun tsangayu su yanke ko wanda bai zauna a aji ba zai iya samun kujera a cikinsa.